Bustar da ka saya don kama sabis a Kura tana iya toshe wa maƙwabcinka kunne

Duk wanda ya taɓa leƙa Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ya san wannan hoton: dillali ya hau bayan mota, ya ɗaga waya sama yana juya ta kamar mai duban watan Sallah. An gama ciniki, an ɗaure kwanduna, mai saye daga Legas ya rantse ya tura kuɗi, amma alat bai shigo ba. Direba na danna hon, rana na ƙara hawa, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da dole ta sa kowa ya koma taransifa da POS, sabis ɗin waya ya zama kayan aikin noma a Kura da Bunkure da Garun Malam, daidai da taki da injin feshi. In babu shi, komai ya tsaya.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne wata 'yar na'ura ta samu kasuwa. Busta ake ce mata. Eriya ɗaya a kan dogon ƙarfe a waje tana fuskantar ƙarfen sabis, kebul ya shigo ɗaki ya shiga wani ƙaramin akwati, sai wata eriyar a ciki. Kana jonawa, sandunan sabis su tashi daga ɗaya zuwa huɗu. Mai shagon POS ya huta, mai injin casar shinkafa da rufin kwano ya tare wa sabis shi ma ya huta. A intanet ana tallarta ƙiri-ƙiri, har da bidiyon yadda waya take kafin a jona da bayan an jona.

Abin da masu tallar ba sa faɗa maka shi ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hana. A 2021 ta fitar da sanarwa cewa kamfanonin waya masu lasisi ne kaɗai ke da ikon kafa irin wannan na'ura, wanda aka kama kuma tara ko ɗauri na iya hawa kansa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. A lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabantar hukumar, ɗan jihar Kano, tsohon malamin injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, wato ba wanda za a ce bai san aikin ba. Duk da haka mai shago a ƙauye zai kalli abin a matsayin mugunta: ba ku kawo mana sabis mai ƙarfi ba, kun kuma hana mu nema wa kanmu.

Ni a ganina NCC ta gano ciwon daidai, maganin ne ta bari rabi. Amma kafin ka yarda da ni ko ka ƙi, sai mun shiga cikin akwatin nan, domin matsalar da ke cikinsa na ɗaya daga cikin waɗanda suka fi wahalar da injiniyoyin sadarwa a duniya.

Ka tuna ihun nan da lasifika ke yi a wajen ɗaurin aure ko wa'azi idan mai magana ya matsa kusa da sifika? Makirufo ya ji muryar da sifika ta fitar, ya mayar wa amfilifaya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ta sake fitarwa, makirufo ya sake ji. Kafin ƙiftawar ido sautin ya zagaya sau ɗaruruwa, ya zama wannan ƙarar da ke sa kowa ya toshe kunne. Na'ura ce ke jin muryar kanta har ta kurmance. Duk wani abu da ke ji yana kuma magana a lokaci guda, a kan hanya guda, yana da wannan cutar. Busta kuwa aikinta ke nan kacokan: ta karɓi sabis a wata mita, ta ƙara masa ƙarfi, ta sake watsa shi a kan mitar nan dai, a daidai lokacin.

Wayar da ke hannunka ba ta yin wannan kasadar. Kai kana ganin kamar kana magana kana ji a lokaci guda, amma a ƙasa dabara aka yi, kuma wanda ya san tsarin ban-ruwa na Kadawa zai gane ta nan take. Ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da kansa yake gangarowa ta kanal zuwa gonaki. Hanyar shigar ruwa daban, magudanar da ke kwashe wanda ya yi saura daban, ba sa haɗuwa. Haka tsohon tsarin waya yake. A zangon 900 na 2G, wayarka na magana tsakanin megahaz 890 da 915, tana saurare tsakanin 935 da 960. An bar tazara a tsakani don kada muryarta ta shiga kunnenta. Hanya biyu, kuɗi biyu. Dabara ta biyu ita ce karɓa-karɓa, irin yadda ake raba ruwa a kanal ɗaya: yau ɓangaren nan, gobe wancan. Haka 5G da ke kan gigahaz 3.5 ke aiki, ƙarfen sabis ya yi magana, ya yi shiru, wayoyi su yi tasu, sai dai ana juyin ne cikin dubunnan kashi na daƙiƙa, shi ya sa ba ka lura.

Kowacce ka ɗauka akwai asara. Ko dai ka sayi fili biyu, ko ka sayi ɗaya kowa na jiran layi. Filin iska kuwa ba arha yake ba. A gwanjon da NCC ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 a kan megahaz 100 kacal na zangon 3.5. Wannan kuɗin ba daga sama zai faɗo ba, a jikin katin da kake sakawa ake cire shi sannu a hankali, kamar kuɗin dizal da na kayan aiki. Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. To ka ga dalilin da ya sa injiniyoyi suka daɗe suna mafarkin na'urar da za ta faɗa ta kuma ji a kan mita ɗaya a lokaci ɗaya. Suna kiran abin ful-dufuleks. A lissafin takarda, filin da ka saya zai ɗauki ninki biyu na kaya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ɗauki na'urar Wi-Fi ta gida. Ƙarfin abin da take fitarwa ya fi mafi raunin abin da kunnenta ke iya kamawa da desibel 110. Kada lambar ta yaudare ka, desibel ba a ƙirga shi kamar buhun shinkafa, duk goma da aka ƙara ninki goma ne. Desibel 110 na nufin ninki biliyan 100. Kamar ka tsaya a bakin injin jirgin sama yana aiki a ce ka ji raɗar wani da ke nesa. Shekaru da dama littattafan sadarwa na koyar da cewa wannan ba ya yiwuwa, a haƙura kawai.

Sai a 2010 wasu ƙungiyoyi biyu a Amurka suka nuna akwai ƙofa. Ɗaya a Jami'ar Stanford, inda Sachin Katti da Philip Levis da ɗalibansu suka jera eriya biyu masu watsawa a tazarar da za ta sa saƙonninsu su kashe juna daidai wurin eriyar da ke saurare. Ɗayar a Jami'ar Rice da ke Houston, wajen Ashutosh Sabharwal da Melissa Duarte. ('Yan Kura kada ku yi murna, sunan wani attajiri ne aka sa wa jami'ar, babu ruwanta da shinkafa.) A 2013 Katti da Dinesh Bharadia da Emily McMilin suka fito da na'ura mai eriya ɗaya da ta soke desibel 110 ɗin nan. Daga aikin Stanford ne kamfanin Kumu Networks ya fito.

Yaya aka yi? Sirrin na cikin abu ɗaya: na'urar ta san abin da ta faɗa. Ka lura da mai injin casa wanda ya shekara goma a kan injinsa. Kai baƙo in ka shiga rumfar ba ka jin komai sai ƙara, shi kuwa yana ciniki, har ya ji an ce a rage masa ɗari biyu. Kunnensa ya haddace ƙarar injin, ƙwaƙwalwarsa na cire ta, abin da ya saura shi ne muryar mai saye. Haka ake son na'ura ta yi. Ta riƙe kwafin saƙon da ta watsa, ta yi hasashen yadda zai dawo mata, ta cire shi daga abin da ta ji. Ragowar shi ne saƙon da ya zo daga nesa.

Wahalar ita ce saƙon ba ya dawowa yadda ya fita. Wani ya tsallaka kai tsaye daga eriya zuwa eriya, wani ya daki rufin kwano ya dawo a makare, wani ya daki tirelar da ke wucewa a titin Zariya, kowanne da nasa jinkirin da nasa ƙarfin. Ga shi kuma yanayin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mota ta gusa, iska ta kaɗa eriya, akwatin ya ɗau zafi da azahar, duk lissafin ya canza. Saboda haka ba a rubuta amsa sau ɗaya a manna. Ana sa wata rariya ce ta lissafi mai gyara kanta. Tana da jerin ma'aunai, a ce 64, kowanne na wakiltar wani ɗan jinkiri. Ta haɗa hasashenta, ta cire, ta duba abin da ya rage. In har ragowar na kama da muryarta, ta san ba ta cire daidai ba, sai ta ɗan murɗa kowane ma'auni ta inda kuskuren zai ragu, ta sake gwadawa. Haka take yi ba tsayawa, sau miliyoyi a daƙiƙa.

Wannan dabarar ta girmi yawancin iyayenmu. Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff ne suka fito da ita a Stanford a 1960, ana kiranta LMS. Hoff ɗin nan shi ne daga baya ya shiga Intel ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko a kan guntu ɗaya, a 1971. A shekarun 1960 ɗin ne kuma aka yi amfani da irin wannan rariya a ɗakin binciken Bell don kashe amsa-kuwwa a kiran nesa. Kai ma kana amfani da jikarta kullum. Duk lokacin da ka sa waya a sifika kana kiran WhatsApp, wancan bai ji muryarsa na dawo masa ba, ita ce ta yi aiki. Ranar da ka ji muryarka na dawo maka kuwa, ta wancan ɓangaren ce ta gaza.

LMS na da wani maɓalli da ake kira girman taku, kuma duk wanda ya taɓa buɗe ƙofar ruwa a gona ya san halinsa. Ka buɗe da yawa, ruwa ya cika kwami da sauri amma ya tsallake kunya. Ka buɗe kaɗan, zai tsaya daidai, amma sai ka wuni. Taku babba, rariya ta koyi da sauri amma tana rawa a kusa da amsa. Taku ƙarami, ta dace sosai amma tirela ta riga ta wuce kafin ta gane an canza. Akwai wata dabarar, RLS, da ke koyo da sauri kuma ta dace, sai dai tana da ci. Aikin LMS na ƙaruwa daidai da yawan ma'aunai, na RLS na ƙaruwa da yawansu sau kansu. Da ma'aunai 64, LMS na buƙatar lissafin ninkawa wajen 128 a kowane ɗigon saƙo, RLS ya haura 4,000. Yanzu ka tuna zango mai faɗin megahaz 100 na zuwa da ɗigo sama da miliyan 100 a daƙiƙa. Ka ninka da kanka ka ga bambancin wutar da guntun zai sha da zafin da zai ɗauka.

Ƙari a kan haka, amfilifayar da ke ƙara wa saƙo ƙarfi ba ta da amana. In an matsa mata tana murguɗa shi, kamar sifikar da aka ƙure wa murya ta fara kakkarwa. Ke nan abin da ya fita ba shi ne ainihin kwafin da aka ajiye ba, dole rariya ta koyi murguɗar ita ma, ma'aunai su ƙaru ninki-ba-ninki. Sannan ba za a jira lissafi ya yi komai ba, domin in ƙarar ta shiga kunnen na'ura da cikakken ƙarfinta, ɓangaren da ke mayar da saƙo lambobi zai cika ya batse, raɗar nesa ta ɓace kafin a fara cirewa. Shi ya sa ake yi hawa-hawa: a raba eriyoyi ko a kare su, a soke wani kaso da kayan lantarki tun saƙon bai zama lambobi ba, sannan rariya ta share ragowar. A na'urar Stanford ta 2013, kusan desibel 60, wato ninki miliyan, tun a matakin lantarki aka kashe shi. Yawancin binciken da ake yi yanzu a kan tambaya ɗaya yake: ta yaya za a soke da yawa da lissafi kaɗan? Wasu na rage ma'aunan da ba su da amfani, wasu na sa takun ya riƙa canza girmansa da kansa, wasu na gwada ƙananan na'urorin ƙirƙirarriyar basira a madadin dogon lissafin murguɗa.

Wani zai ce wannan damuwar Turawa ce. Ni kuwa na ce tamu ce fiye da tasu. A inda wuta ba ta ɗaukewa, lissafi mai ci ƙarin kuɗin wuta ne kawai. A bakin kanal a Bunkure, na'urar da za a kafa da sola da batir za ta rayu, a cikin zafin Afrilu. Duk wat ɗaya da rariya ta ƙara sha, ƙarin faranti ne, ƙarin batir ne, ƙarin abin da ɓarawo zai zo nema. Dabarar da ta rage lissafi rabi tana iya zama bambancin a kafa ko kada a kafa.

Mu dawo kan bustar kasuwa. Mai arhar ba ta da ko ɗaya daga cikin abin da na lissafa. Amfilifaya ce tsirara da eriya biyu. Abin da kawai ke hana ta ihu shi ne tazara da bango tsakanin eriyar waje da ta ciki. Ƙa'idar masu aikin ita ce kariyar da ke tsakanin eriyoyin ta fi ƙarfin da bustar ke ƙarawa da kamar desibel 15, wato ninki talatin da 'yan kai. Yaron da ya hau tsani ya ɗaura maka ita ba shi da abin auna wannan. In eriyoyin sun yi kusa, ko iska ta juya ta waje, sai ta fara ihun lasifika, amma a iska, inda kunnenka ba ya ji. Wanda ke ji shi ne ƙarfen sabis.

A nan ɓarnar take. Wayarka in ta ƙure ƙarfinta a 4G ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya, ƙarfen sabis kuwa na magana da gomman wat. Ke nan jin ƙarfe ba shi ne wahala ba, ƙarfe ya ji ka shi ne wahala. Kunnensa a buɗe yake yana kasa raɗar wayoyin da ke nesa. Sai ga busta a kusa tana zuba masa ƙara. Ko ba ta kai ga ihu ba, tana tura masa hayaniyar kanta dare da rana. Su wa za su fara ɓacewa? Na nesa. Mai ban-ruwa a tsakiyar gona, mai tsinkar tumatir a can ƙarshen fili, matar da ke kiran mai babur cikin dare. Wayoyinsu su ƙara ƙarfi, batir ya ƙare da wuri, kira ya yanke. Manoman wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, sun san rigimar na gaban kanal da na ƙarshen kanal. Na gaba ya fasa bakin kanal ya ja ruwa fiye da rabonsa, gonarsa ta yi shar, na ƙarshe ya ga busasshen laka. Bambancin kawai, mai fasa kanal ya san abin da yake yi, mai busta bai sani ba. Mafi muni, wanda sabis ɗinsa ya lalace shi ma sai ya je ya sayo tasa. An gudu ba a tsira ba.

To NCC ta yi daidai da ta ce a daina. Inda nake da ja da ita shi ne tsayawa a nan. Wasu ƙasashen sun fuskanci wannan matsalar, suka bi wata hanya. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da ƙa'ida a 2013: an yarda mutum ya sa busta a gida, da sharaɗin ta zama irin wadda ke gane ta fara ihu ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta, kuma a yi mata rajista wajen kamfanin waya. Ofcom ta Birtaniya ta buɗe irin wannan ƙofa a 2018 ga na'urorin da suka cika sharuɗɗa. Akwai kuma manyan na'urorin maimaita sabis na kamfanoni masu ɗauke da rariyar nan mai soke muryar kai, waɗanda aka daɗe ana aiki da su a Koriya ta Kudu da Japan. Saboda suna cire amsa-kuwwarsu da lissafi, ana iya ɗora eriyoyin biyu a kan ƙarfe ɗaya, ba sai an ja kebul mai tsawo ba, ba sai an haƙa ramin faiba ba. Fili shimfiɗaɗɗe irin na Kadawa, mai mutane a warwatse da kasuwar da ke cika watanni kaɗan a shekara, irin wurin da aka ƙera su dominsa ne. Hani ba tare da halastaccen madadi ba, kasuwar bayan fage kawai yake ƙarfafawa, kuma a can mafi arha ce ke tafiya, wato mafi ihu.

Kada kuma wani ya yaudare ka da cewa ful-dufuleks zai ninka maka data gobe. Ninki biyun nan tsakanin na'ura biyu ne a ɗakin gwaji. A gari, in wayarka na aikawa a mitar da ta maƙwabcinka ke saurare, kai ne ka zama masa busta, kuma shi ba shi da kwafin saƙonka balle ya cire. Haka ƙarfe da ƙarfe. Shi ya sa ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin 4G da 5G, ta fara da taku ƙarami. A kundinta na 18 ta yi nazari, a na 19 ta shiga rubuta ƙa'idar wani tsari da ƙarfen sabis kaɗai ne zai riƙa ji yana magana, a yankuna daban-daban na zango ɗaya, waya kuma ta ci gaba da karɓa-karɓarta. Ribar da ake nema ita ce a ba waya ƙarin lokacin aikawa, domin a tsarin 5G na yanzu kaso mafi tsoka na lokaci na saukewa ne. Wannan ya dace da mu. Saurayin da ke tura wa mai saye bidiyon kwandunan tumatir, ko yarinyar da ke tallar shinkafar gidansu kai tsaye a TikTok, aikawa suke yi, daga nesa, da wayar da ba ta da murya. Amma a faɗi gaskiya, 5G ya shigo birnin Kano tun 2022 lokacin da MTN ta ƙaddamar, kafin wannan sabon salon ya iso bakin kanal za a ci tuwon shekaru. Abin da ke iya zuwa bana shi ne halastacciyar na'urar maimaita sabis, ko sabon ƙarfe.

Kuɗin yin hakan ma akwai inda aka ware su. Dokar 2003 ɗin da ake kama mai busta da ita, ita ce ta kafa asusun USPF don kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba. A farkon 2025 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin kafa ƙarafan sabis 7,000 a karkara. Tambayar da ya kamata matasan Kura da Bunkure su riƙa jefa wa 'yan majalisarsu da NCC ta Aminu Maida a Facebook da X ita ce: nawa ne a cikin filin noman da aka tsara wa hekta 22,000? An kashe maƙudan kuɗin bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING an gyara kanal, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Waɗannan ƙungiyoyin suna da rajista, suna da shugabanni, sun saba tara kuɗin ruwa. Takardar da ta fito daga gare su zuwa kamfanin waya, ɗauke da sunayen wuraren da sabis ke yankewa da yawan mutanen da ke wurin a kaka, ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Mai injin casa goma da kowanne ya sayi busta, da sun haɗa kuɗin sun nemi kamfani ya kafa musu halastacciya ɗaya, da su da na cikin gona duk sun samu.

Ɗaliban injiniya na Bayero da ABU Zariya da jami'ar Wudil kuma, ga aikin kammala digiri a kwance. LMS layi kaɗan ne a Python, ƙaramar rediyon gwaji da ake sarrafawa da kwamfuta kuma ba ta kai kuɗin babbar waya ba. Ku nemi izini, ku kai ta Kadawa, ku auna yadda amsa-kuwwa ke canzawa ranar da aka saki ruwa fili ya zama madubi, da lokacin da shinkafa ta kai ƙugu, da lokacin da ƙurar hunturu ta rufe farantin sola wuta ta ragu. Ma'auni nawa rariya ke buƙata a irin wannan fili da babu dogayen gine-gine? In 16 sun isa maimakon 64, an rage kashi uku cikin huɗu na lissafin LMS, batirin da zai kwana da na'urar ma ya ragu.